Fesa Fenti a Kan Ƙananan Jirage: Buɗe Taga Ya Wadatar, Ko Sai da Takunkumi?

A birnin Shizuoka na ƙasar Japan kamfanin Tamiya yake, wanda aka kafa a 1946, kuma a wannan birni ne kamfanin Bandai ke ƙera ƙananan mutum-mutumin Gundam da suka fara shiga kasuwa a 1980. A Ingila kuwa sunan Airfix aka fi sani. Hajarsu iri ɗaya ce: kwali cike da gutsattsarin roba, wanda ya saya ya zauna ya yanke su, ya goge, ya manna, har jirgin sama ko tankar yaƙi ko jirgin ruwa ya tashi a kan teburinsa. Komai da ma'auninsa. Jirgin yaƙin Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, idan aka rage shi sau 72 bai kai santimita 16 ba, tafin hannu ma ya ɗauke shi. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san daɗin da ke cikin irin wannan aiki.

Sai dai aikin ba ya cika sai an yi fenti, kuma a nan ne gardama ta samo asali. Ƙwararru ba su cika shafawa da buroshi ba. Suna amfani da alƙalamin feshi, wato ƙaramar bindigar fenti da ake riƙewa kamar biro, wadda ƙaramin kwamfiresa ke tura wa iska. Bakinta bai wuce rabin milimita ba, wani ma kashi ɗaya bisa biyar na milimita ne, saboda haka fentin kan fito kamar hazo, ya kwanta lumui a jikin roba. Wanda bai kwanta ba kuwa iska ce ke ɗaukarsa, kuma mai aikin yana sunkuye, hancinsa bai fi taƙi biyu daga wurin ba.

Masu wannan sha'awa sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ana zuzuta haɗarin, taga a buɗe da fentin ruwa sun wadatar. Wasu kuma na cewa kada kowa ya danna alƙalamin feshi sai da akwatin zuƙe iska da takunkumi na gaske. Maganar ta shafe mu, domin kayan suna zuwa ta intanet, kuma ɗaliban zanen gine-gine da masu rubutun alluna da masu yi wa takalma da hular kwano ado duk feshi suke yi, sau da yawa a ɗakin da suke kwana.

Kafin a saurari kowane ɓangare, ya kamata a san fentin. Iri uku ne aka fi amfani da su. Akwai fentin ruwa, wato akirilik, kamar na kamfanin Vallejo na ƙasar Sifen. Akwai fentin mai, wato inamel, irin na Humbrol da ke zuwa a ƙananan gwangwanaye masu mililita 14, wanda ake sirkawa da wani ruwa dangin kananzir. Sai kuma fentin tina, irin Mr. Color na Japan, mai saurin bushewa da ƙarfin wari. Tinar da ake sirka irin wannan fenti, musamman ta kasuwa mai araha, kan ƙunshi sinadarai irin su toluwin da zayilin da asiton.

Hujjar masu cewa taga ta wadatar

Hujjarsu ta farko ita ce yawa. Suka ce guba da ma'auninta take kisa, gishiri ma in ya yi yawa cuta ne. Mai fentin mota yana fesa lita-lita daga safe zuwa yamma, kwana shida a mako, shekara da shekaru. Mai ƙaramin jirgi kuwa kwalbarsa mililita 10 ce, kuma tana iya kai shi watanni. A zama ɗaya ɗigo kaɗan yake zubawa, ya fesa na mintoci, ya ajiye, wataƙila sai wani makon. Binciken da ake tsorata mutane da shi, in ji su, a kan ma'aikatan masana'antu aka yi shi, don haka ɗora sakamakonsa a kan mai wasa da ɗigon fenti ranar Asabar rashin adalci ne.

Har lissafi suna da shi. A ɗauki ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa. A ce cokalin shayi guda na zallar toluwin, wato mililita 5, ya ƙafe gaba ɗaya a ciki, ƙofa da taga a rufe. Idan tururin ya bazu daidai, kowace kubik mita ta iskar ɗakin za ta ɗauki kimanin miligiram 160. Iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta sa wa toluwin a aikin awa takwas ita ce miligiram 191. Ke nan ko a rufaffen ɗaki ba a kai iyakar ba, balle an buɗe taga.

Hujja ta biyu ita ce zamani ya sauya. A da fentin mai ne ya cika kasuwa, yanzu kuwa fentin ruwa ya wadata, ana wanke shi da ruwa, warinsa kaɗan ne, har yara ake ba shi a makarantu. Wanda ya zaɓi wannan, me zai yi da takunkumin da ya yi kama da na sojan da ke tsoron iskar guba?

Ta uku ita ce tsada da wahala. Akwatin feshi mai fanka da bututu, da takunkumi mai gwangwanayen tacewa da ake sauyawa lokaci-lokaci, kuɗinsu na iya fin na alƙalamin feshin kansa. Matashin da ya yi ta tari kafin ya sayi kwali ɗaya, idan aka gindaya masa wannan sharaɗi, an kore shi ke nan daga sana'ar hannu mai koyar da haƙuri da natsuwa. Ga kuma zafi: a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, wa zai iya awa guda da roba manne a fuska? Suka ƙara da cewa hayaƙin janareta da na itacen girki da na ababen hawa da mutum ke shaƙa kullum ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma ba a ce a daina fita titi ba.

Hujjar masu cewa sai da kariya

Waɗannan suka ce abokan gardamarsu sun haɗa abu biyu sun mai da su ɗaya. Abin da ke fita daga bakin alƙalamin feshi kashi biyu ne. Akwai tururin sinadarin da ke ƙafewa, wanda hanci ke ji. Akwai kuma hazon fentin kansa, wato ƙananan ɓurɓushin launi da ƙaron da ke riƙe shi, wanda ba lalle ne ya yi wari ba. Ɓurɓushin da bai kai maikiromita 10 ba yana wuce gashin hanci ya gangara hanyoyin numfashi, mafi ƙanƙanta kuma ya isa can ƙuryar huhu. Gashin kan mutum kaurinsa ya ninka haka sau da yawa. Fentin ruwa ya rage tururi, wannan gaskiya ne, amma hazonsa na nan daram. Rubutun da ke jikin kwalba cewa ba guba ba ne yana magana a kan shafawa da buroshi, bai ce a shaƙa ba. Shi ya sa wasu launukan masu zane, kamar ja da rawaya masu ɗauke da ƙarfen kadmiyam, ke zuwa da gargaɗin kada a fesa su. Ƙari a kan haka, ba duk abin da aka kira akirilik ne na ruwa zalla ba. Na Tamiya yana ɗauke da sinadarin alkohol, kuma alamar kama wuta tana jikin kwalbarsa.

Game da lissafin cokalin shayi, suka ce su ma sun karɓe shi, amma a karanta shi da kyau. Cokali ɗaya tak ya kai iskar ɗaki kusa da iyakar masana'anta. Sa'an nan tururin ba ya bazuwa daidai nan take, inda ya fi kauri shi ne gaban fuskar mai feshi. Wata ƙungiyar masana tsaftar wuraren aiki ta Amurka ma ta sa tata iyakar ƙasa da rabin ta Birtaniya. Kuma duk waɗannan iyakoki an tsara su ne don baligi mai lafiya da zai tashi daga aiki ya koma gida ya shaƙi iska mai kyau. Ba a tsara su don jariri ko mai juna biyu ko tsoho mai ciwon asma da zai kwana a ɗakin ba. Tururin irin waɗannan sinadarai ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka, inda yaro ke rarrafe, inda aka shimfiɗa tabarma. Suka kuma tuna cewa ba a jikin jirgin ake ƙarar da tina ba, wajen wanke alƙalamin ne, lokacin da ake fesa ta zalla bayan kowane launi.

Illar nan take kowa ya san ta: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. Toluwin ɗin nan yana cikin abin da ke bugar da masu shaƙar sholisho, kuma mun ga yadda yake mai da matasa a unguwanninmu. Illar dogon lokaci kuwa tarihi ya rubuta ta. Tun shekarun 1970 likitoci a ƙasashen arewacin Turai, musamman Denmak, suka lura da mantuwa da saurin fushi da raunin tunani a tsakanin tsofaffin masu fenti. A 1989 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa sana'ar fenti cikin rukuni na farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, daga baya ta sake tabbatar da haka game da dajin huhu da na mafitsara. Masu wannan ra'ayi sun yarda cewa mai ƙaramin jirgi bai kai ma'aikaci shaƙa ba. Abin da suke cewa shi ne, sha'awar da ake farawa ana ɗan shekara goma sha biyar a ci gaba har furfura ba ƙaramin lokaci ba ce, kuma da yayyafi kogi ke cika.

Suka ce kuma hanci ba alƙali ba ne. Bayan 'yan mintoci yakan saba da wari, mutum ya ɗauka iska ta washe, alhali wanda ya shigo daga waje sai ya toshe hanci.

Inda kowane ɓangare ya yi tuntuɓe

Idan aka auna, masu cewa taga ta wadatar suna da gaskiya a kan yawa. Ba daidai ba ne a gaya wa wanda ya fesa fentin ruwa na minti biyar a tsakar gida cewa ya sayi ajalinsa. Tsoratarwar da ta wuce kima kan sa mutane su watsar da shawarar gaba ɗaya, har da mai amfanin. Amma kalmar taga tana ɓoye rauni babba. Taga ɗaya ba ta fitar da iska sai in akwai abin da ke tura ta, wani lokaci ma iskar waje ce ke maido da hazon kan fuskar mutum. Fankar sama kuwa juya shi kawai take yi a cikin ɗaki. Sa'an nan ga halin da muke ciki: ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ɗanyen fenti, don haka a lokacin hunturu abu na farko da mai feshi zai yi shi ne ya rufe taga ruf don kada buji ya ɓata masa aiki. Shawarar da ta dogara da buɗaɗɗiyar taga ta rushe ke nan a daidai lokacin da ake buƙatarta. Batun hayaƙin janareta kuma hujja ce da ke juyawa kan mai ita, domin huhun da ya riga ya ɗauki kaya shi ya fi cancantar a sauƙaƙa masa.

Masu cewa sai da kariya su ma suna da nasu kuskuren, wato mai da takunkumi tamkar laya. Takunkumi iri-iri ne. Na ƙyalle ko na asibiti da muka saba da shi tun annobar korona a 2020 ba ya tare tururi ko kaɗan, kuma gefensa a buɗe yake. Takunkumin N95 yana tare ɓurɓushi, amma tururin tina wucewa yake yi ta cikinsa. Wanda ke tare tururi shi ne mai gwangwani cike da gawayin da aka sarrafa, wanda a tsarin Turai ake sa masa harafin A da launin ruwan ƙasa, a na Amurka kuma baƙin launi, kuma sai an haɗa shi da matatar ɓurɓushi irin P3 ko P100 kafin ya tare duka biyun. Gawayin nan cika yake yi. Ko ba a amfani da shi, muddin yana buɗe yana zuƙar abin da ke cikin iska, shi ya sa ake adana shi a leda mai rufewa, a kuma sauya shi kafin wari ya fara ratsowa. Asiton ma, saboda saurin ƙafewarsa, ba ya zama sosai a gwangwani mai harafin A. Akwai kuma maganar da ta shafi da yawa daga cikin mazanmu: takunkumin roba sai ya manne da fata yake aiki, gemu kuwa yana buɗe masa kafa. Mai gemu bai kamata ya dogara da shi ba, ƙarfinsa ya koma kan fitar da iska da zaɓen fenti. Uwa uba, takunkumi mutum ɗaya yake karewa. Matarsa da 'ya'yansa da ke ɗakin, har da tsuntsun da ke keji, ba abin da ya tsare su.

Akwatin feshi ma haka ne. Wanda ke da soson tacewa kawai, ba bututun da ya fita waje, launi yake kamawa ya maido da tururin cikin ɗaki. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, fankar ta tsaya, kariyar ta tsaya tare da ita.

Abubuwan da ba su karɓar gardama

Akwai wuraren da bai kamata a ce ra'ayi ya bambanta ba. Na farko shi ne fentin sheƙi mai haɗi biyu, irin na motoci, wanda ake zuba masa ruwan sandarewa kafin a fesa. Masu ƙera ƙananan motoci na son sa saboda ƙyallinsa. Yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke jawo asma a wuraren aiki. Idan jiki ya riga ya tsane shi, ɗan kaɗan ma ya isa ya toshe numfashi, kuma sau da yawa abin ba ya warkewa. A Birtaniya ƙa'idar masu fentin mota ita ce su sa abin rufe fuska da ake turo wa iska mai tsabta ta bututu, a cikin ɗakin feshi na musamman. Abin da gareji ke yi wa irin wannan shiri ba shi da gurbi a ɗakin kwana.

Na biyu shi ne wuta. Tururin tina yana kamawa, kuma yana iya bin ƙasa ya isa inda garwashi yake. Kaskon turaren wuta, risho, maganin sauro na kunnawa, sigari, duk a nisanta su. Tsumman da aka goge tina da shi kada a tara shi a kwandon ɗaki.

Na uku shi ne madara. Da yawa daga cikin masu fentinmu sun yi imani cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, abin da aka shaƙa kuwa huhu ya shiga, daga can ya bi jini. Abinci ce mai kyau, amma ba ta tare komai, kuma dogaro da ita ya sa mutane da yawa sun bar kariyar gaske.

Hukunci

A ganina, ɓangare na biyu ya fi kusa da gaskiya, amma sai an gyara jerin matakansa. Masana lafiyar ma'aikata suna da tsari da suka daɗe a kai: a fara da kawar da abu mai cutarwa ko musanya shi, sa'an nan a janye shi daga iska, kayan sawa a jiki su zo ƙarshe. Idan aka bi wannan, damuwar masu kukan tsada ma ta sami amsa, domin matakan farko su ne mafi araha.

A zaɓi fentin ruwa duk inda zai yi aikin, a bar na tina sai inda ya zama dole. A rage ƙarfin iskar kwamfiresa gwargwadon buƙata, don hazon da ke tashi ya ragu. A wanke alƙalami cikin kwalba mai murfi da matata, kada a fesa tina a sarari. A fitar da aikin daga ɗakin kwana zuwa rumfa ko baranda ko tsakar gida, iska tana bugowa daga baya ko daga gefe, yara kuma suna nesa. Wanda dole sai a ɗaki zai yi, ya samu akwatin da fankarsa ke zuƙe iska ta fitar da ita waje ta bututu, ya bar wata kafa da sabuwar iska za ta shigo, ya kuma bar fankar tana aiki bayan ya gama. Kafinta da mai gyaran lantarki na iya haɗa irinsa, in dai an kula cewa fankar ba mai tartsatsi ba ce. Bayan duk wannan sai takunkumi: na ɓurɓushi ga fentin ruwa, mai gawayi da matata ga na mai da na tina. Aikin da aka fesa kuma a bar shi ya bushe a inda ba a kwana, domin yana ci gaba da fitar da tururi.

Wanda ya ji kansa na sarawa ko jiri na ɗibarsa, ya ajiye ya fita waje nan take. Wanda tari ko shaƙewar ƙirji ko numfashi mai ƙara ke taso masa bayan feshi, ko da cikin dare ne, ya je asibiti ya gaya wa likita ainihin abin da yake fesawa, da kwalbar a hannunsa.

Ɗan'uwa mai wannan sha'awa, ka ci gaba da aikinka, abin yabo ne. Jirgin da fentinsa ya ɓaci ana kankarewa a sake, kwalin da ya lalace ana sayen wani, amma huhu ba shi da kayan gyara a kasuwa. Kafin ka sayi kwali na gaba, ka fara tanadar hanyar da iskar za ta fita, don kanka da kuma waɗanda ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da kai.